Taƙaitaccen tarihin Humphry Davy

An haifi Humphry Davy ne ranar 17 ga watan Disamban 1778 a garin Penzance na Ingila.

A shekarar 1808 ya yi amfani da lantarki ya ware ƙarfen magnesiyam a karon farko, ƙarfe mara nauyi amma mai saurin lalacewa a ruwan gishiri.

Daga baya rundunar sojin ruwan Birtaniya ta nemi taimakonsa, saboda ruwan teku na cinye jan ƙarfen da ake lulluɓe ƙasan jiragenta da shi.

A shekarar 1824 Davy ya nuna cewa idan aka liƙa guntun tutiya a jiki, tutiyar ce za ta lalace, jan ƙarfen ya tsira.

Sai dai ciyayin ruwa sun riƙa manne wa jiragen suna rage musu gudu, lamarin da ya sa aka yi watsi da dabarar.

Ya rasu a Geneva ranar 29 ga watan Mayun 1829.

A yau dabarar tasa ce ke kare bututun mai da dama, galibi da magnesiyam. Shi kansa magnesiyam kuwa, da lantarki ake yi masa ɓawo mai kauri domin ya jure tsatsa.