Robert Cocking

Robert Cocking (an haife shi a shekarar 1776, ya rasu ranar 24 ga watan Yuli, 1837) mai zanen hoto ne ɗan ƙasar Birtaniya, kuma mai sha'awar kimiyya. An fi saninsa da kasancewa mutum na farko da tarihi ya rubuta ya mutu sakamakon lalacewar laimar sauka daga sama, wato farashut. Laimar da ta kashe shi, shi da kansa ya tsara ta.

Sana'a da sha'awar laima

Cocking ya rayu a birnin Landan, inda yake zane da fentin ruwa. A shekarar 1802 yana cikin waɗanda suka kalli Bafaranshen nan André-Jacques Garnerin ya sauko da laima daga balan-balan a Landan, karo na farko da aka yi hakan a Ingila. Laimar Garnerin tana da siffar laimar ruwan sama. Matsalarta ita ce iskar da ta taru a ƙarƙashinta ba ta da mafita sai ta gefe, don haka ta riƙa lilo da shi sosai har ya iso ƙasa.

Daga baya Cocking ya karanta rubutun Sir George Cayley kan tafiya a sararin sama, wanda aka buga tsakanin 1809 da 1810. Cayley yana ganin idan aka juya laimar ta koma kamar mazurari, faɗinta a sama tsininta a ƙasa, lilon zai ragu. Cocking ya shafe shekaru masu yawa yana gwada wannan dabara da ƙananan samfura.

Yadda aka ƙera laimar

Laimar tana da kewayen ƙafa 107, kimanin mita 33. An ɗinka yadi a jikin zobba uku, sannan aka rataya kwandon da mutum zai zauna a ƙasa. Rauninta yana cikin siffarta. Laima irin ta Garnerin iska ce ke buɗe ta, tana kuma riƙe ta a buɗe. Mazurari kuwa iska na matsa shi daga waje zuwa ciki, saboda haka zobban ne kaɗai ke hana shi ruftawa. Wannan ya sa nauyinta ya haura kilo 100, ban da nauyin mutum, alhali zobban ba su da ƙarfin jure matsin. Ba a taɓa gwada cikakkiyar laimar ba kafin ranar, kuma Cocking, mai shekara 61 a lokacin, bai taɓa sauka da laima ba.

Hatsarin 1837

Da yammacin ranar 24 ga Yuli, 1837, jama'a suka taru a lambun shaƙatawa na Vauxhall. An ɗaure laimar a ƙarƙashin babbar balan-balan mai suna Royal Nassau, wadda Charles Green da Edward Spencer ke tuƙawa. Da misalin ƙarfe 7:35 suka tashi. Cocking ya so su kai ƙafa 8,000, amma nauyi ya hana su hawa da sauri, ga dare yana gabatowa. A saman Greenwich, a tsayin kusan ƙafa 5,000, wato mita 1,500, ya saki igiyar.

Na ɗan lokaci laimar ta sauko daidai, duk da cewa gudunta ya yi yawa. Sai ta karye, ta juye, ta fara tarwatsewa a sama. Kafin ta kai ƙasa kwandon ya rabu da ita. An tsinci Cocking a wata gona a ƙauyen Lee, kudu maso gabashin Landan, inda ya cika. An binne shi a makabartar cocin St Margaret da ke Lee.

Green da Spencer ma sun sha da ƙyar. Da nauyin ya rabu da balan-balan ɗin, sai ta yi sama da gudu, gas ɗin da ke fita daga cikinta ya kusa shaƙe su. Daga ƙarshe sun sauka lafiya a yankin Kent.

Bayan rasuwarsa

Mutuwar Cocking ta sa aka yi watsi da laima mai siffar mazurari. Gwaje-gwajen da Ba'amurke John Wise ya yi daga baya sun nuna cewa siffar tana rage lilo kamar yadda Cayley ya yi hasashe, kuma da laimar ta fi girma da ƙarfin ƙira, da ta yi aiki. A shekarar 1838 John Hampton ya sauka lafiya a Cheltenham da laima irin ta Garnerin. Matsalar lilo kuwa an rage ta ta hanya mafi sauƙi: ɓula rami a ƙololuwar laimar domin iska ta riƙa fita ta sama.