Martin Luta: Mutumin Da Ya Auna Himma Da Ma'aunin Littafi

An haifi Martin Luta a garin Eisleben na ƙasar Jamus ran 10 ga Nuwamba, 1483. Ubansa mai sana'ar haƙar tagulla ne, ya so ɗan ya zama lauya. Amma a shekarar 1505 aradu ta faɗi kusa da shi a hanya, tsoro ya kama shi, ya yi wa'adin ba da ransa ga ibada. Cikin wannan shekara ya shiga gidan masu zuhudu a Erfurt, a 1507 kuwa aka naɗa shi firist.

A can ya ɗauki ibada da zafi: azumi, tsayuwar dare, da furta zunubai na sa'o'i. Duk da haka zuciyarsa ba ta sami natsuwa ba, domin kullum gani ya ke bai yi abin da zai ishe shi a gaban Allah ba. Sai da ya zama malamin Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg a 1512, ya duƙufa kan Zabura da wasiƙun Bulus, sa'an nan ya gamsu cewa ceto kyauta ce ta Allah, ana karɓarta ta wurin bangaskiya, ba a sayenta da wahalar jiki. Daga nan ya fara raba abin da ke rubuce da abin da aka gada kawai.

A 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya riƙa sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi a kusa da Wittenberg. Jama'a na ta rububi da kyakkyawar niyya, har suna saya wa matattunsu. Wani kashi na kuɗin na ginin majami'ar Bitrus ne a Roma, wani kuwa na biyan bashin da ake bin babban bishop na Mainz. Luta ya ga himma ga ta nan a fili, amma bai sami tushenta a Littafi ba. Ran 31 ga Oktoba ya fito da batutuwa 95 don a yi muhawara. Na'urar ɗab'i ta baza su ko'ina cikin Jamus.

Paparoma Leo na Goma ya kore shi daga Ikilisiya a Janairu 1521. A Afrilu aka tsai da shi gaban Sarki Charles na Biyar a birnin Worms, aka ce ya janye littattafansa. Ya ƙi, sai fa in an nuna masa kuskurensa daga Littafi Mai Tsarki ko da hujjar hankali bayyananniya. Malaman Katolika kuwa suka riƙe cewa koyarwar da Ikilisiya ta gada daga manzanni ita ma hujja ce, kuma in kowa zai fassara Littafi yadda ya ga dama, tilas a rarrabu. Wannan shi ne asalin gardamar.

Sarkin Saksoni, Frederick, ya ɓoye shi a fadar Wartburg. Cikin mako 11 ya juya Sabon Alkawari daga Helenanci zuwa Jamusanci, aka buga a 1522, don manomi ma ya karanta ya auna da kansa. Littafin gaba ɗaya ya fito a 1534. A 1525 ya auri Katharina von Bora, suka haifi 'ya'ya shida.

Amma laifi tudu ne. Himmar Luta kansa ta yi masa jagora zuwa ga kuskure. A tawayen manoma na 1525 ya zuga sarakuna su murƙushe su ba tausayi, a 1543 kuma ya rubuta munanan kalamai a kan Yahudawa, waɗanda majami'un Lutaran da yawa suka yi tir da su daga baya. Watau ma'aunin da ya kafa bai ƙyale shi ba.

Ya rasu a garin haihuwarsa ran 18 ga Fabrairu, 1546. Koyarwarsa ta iso Numan a 1913 ta hannun Dokta Niels Bronnum ɗan ƙasar Denmark. A 1999 kuwa Katolika da Lutaran suka sa hannu a Augsburg kan sanarwa ɗaya game da kuɓuta ta wurin bangaskiya, bayan gardamar fiye da shekara 480.