Rolf Sievert

Rolf Maximilian Sievert (6 ga Mayu, 1896 – 1966) masanin fiziks ne ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya yi fice wajen auna radiyeshon da kuma nazarin illarsa ga jikin ɗan Adam.

Rayuwa da aiki

An haife shi a birnin Stockholm. Daga 1924 zuwa 1937 ya shugabanci ɗakin binciken fiziks na Radiumhemmet, asibitin masu ciwon daji. A lokacin, likitoci da yawa suna cutuwa saboda aiki da eksire ba tare da kariya ba. Sievert ya ƙera na'urar auna adadin radiyeshon da majiyyaci ke samu. Daga baya ya karkata ga ɗan ƙaramin radiyeshon da ke tare da mutane kullum, daga ƙasa da gine-gine da sararin samaniya. Ya shugabanci hukumar ICRP daga 1956 zuwa 1962.

Tunawa da shi

A 1979 aka sanya wa ma'aunin sievert sunansa. Da wannan ma'auni ake kwatanta haɗari: mutum yakan samu kimanin milisievert 2.4 a shekara daga muhallinsa, alhali hoton ƙirji na eksire ba ya wuce kimanin 0.1.