Dian Fossey, matar da ta tare da birai a duwatsun Ruwanda har aka kashe ta a can

Da safiyar 27 ga watan Disamban 1985, ma'aikatan wani sansanin bincike da ke kan duwatsun Virunga, a arewa maso yammacin Ruwanda, suka tarar da uwar ɗakinsu kwance cikin jini kusa da gadonta. An sare ta da adda a ka. An huda bangon ɗakin, an hargitsa kaya, amma kuɗinta da fasfonta suna nan ba wanda ya taɓa. Sunanta Dian Fossey, Ba'amurkiya ce, tana da shekara 53, kuma a lokacin babu wani mahaluki da ya fi ta sanin gorilan kan dutse.

Gorila ba irin gwaggon birin da ake gani a gandun dajin W ba ne. Shi ne mafi girma a dangin birai, ba shi da wutsiya, kuma ƙasaitaccen namiji, wanda gashin bayansa ya yi furfura, yana haura kilo 150. Na kan dutse a wuri biyu kaɗai suke a duniya: duwatsun Virunga masu aman wuta, inda iyakokin Ruwanda da Kwango da Yuganda suka haɗu, sai dajin Bwindi na Yuganda. Ganyaye da tsiron gora ne cimarsu. Macen takan haifi ɗa guda kusan kowace shekara huɗu, shi ya sa kashe ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

An haifi Fossey ranar 16 ga Janairun 1932 a San Francisco. Auren iyayenta ya mutu tana ƙarama, ta tashi agola a gidan mijin uwarta, wani ɗan kasuwa da bai ja ta a jiki ba. Sai ta mayar da ƙaunarta kan dabbobi, musamman dawaki. Ta so zama likitar dabbobi, darussan kimiyya suka kayar da ita, ta koma karatun kula da masu naƙasa, ta kammala a 1954. Daga nan ta yi shekaru tana aiki a wani asibitin yara naƙasassu a garin Louisville na jihar Kentucky.

A 1963 ta ci bashin dala 8000, kwatankwacin albashinta na shekara guda, ta zo yawon mako bakwai a Afirka. A Olduvai ta ƙasar Tanzaniya ta gamu da Louis Leakey, masanin tsoffin ƙasusuwan ɗan Adam, wanda shi ne ya tura Jane Goodall nazarin birai a Gombe, bakin tafkin Tanganyika, tun 1960. A can ta faɗi ta ji ciwo a idon sawu. Da wannan ƙafar ta hau dutsen Mikeno a Kwango, inda ta fara ganin gorila ido da ido. Bayan shekara uku Leakey ya je Louisville gabatar da lacca, ya yi mata tayin aikin, har ya ce mai zaman daji gara a yi masa aikin afandisit tun kafin ya tafi. Gwaji ne yake yi mata. Kafin ya gaya mata haka, ta riga ta je an yi mata aikin.

Ta kafa tanti a Kabara ta Kwango a farkon 1967, amma zaman bai ɗore ba. A watan Yuli rikicin sojojin haya ya ɓarke a gabashin ƙasar, sojoji suka sauko da ita, suka tsare ta mako biyu a Rumangabo kafin ta yi dabara ta tsallaka Yuganda. Ranar 24 ga Satumban wannan shekara ta sake kafa sansani a ɓangaren Ruwanda, a tsawon kusan mita 3000, tsakanin dutsen Karisimbi da na Bisoke. Ta haɗa sunayen biyu ta kira wurin Karisoke. Wuri ne na sanyi da taɓo da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga ta kuma mai shan taba da raunin huhu. Mutanen yankin suka laƙaba mata Nyiramachabelli, wato matar da ke zaune ita kaɗai a kan dutse.

Gorilan Ruwanda sun san mutum da mashi da kare ne kawai, don haka da sun ji motsi sai gudu. Yadda ta shawo kansu shi ne babban aikinta. Ta daina tunkarar su a tsaye, sai da rarrafe. Tana zama nesa kaɗan tana soshe-soshe, tana tauna ganyen da suke ci, tana kwaikwayon wata irin gyatsa da suke yi idan hankalinsu a kwance yake. Ta gano cewa zanen da ke saman hancin kowane gorila daban yake, kamar zanen yatsa a wurin mutum, da shi ta riƙa bambanta su tana ba su suna. A 1970 wani saurayin gorila da ta kira Peanuts ya miƙo hannu ya taɓa nata, mai ɗaukar hoto Bob Campbell yana wurin. Hotunan mujallar National Geographic suka zagaya duniya, suka rushe tsohon zaton da finafinai suka dasa cewa gorila dodo ne. Rubuce-rubucenta, waɗanda suka kai ta ga digirin dakta a jami'ar Cambridge, sun nuna yadda mata ke ƙaura daga wannan garke zuwa wancan, da yadda baƙon namiji kan kashe jarirai idan uban garke ya mutu.

Sai dai dajin yana ƙanƙancewa a gabanta. A ƙarshen shekarun 1960 an yanke wani babban yanki na gandun domin noman furen da ake haɗa maganin ƙwari da shi. Makiyaya suna shigo da shanu. Mafarauta suna ɗana tarkon waya don gada, gorila ya faɗa ciki ya rasa hannu ko ƙafa. A 1969 aka kama ƴaƴan gorila biyu, Coco da Pucker, domin gidan namun daji na Cologne a Jamus, kuma ba a ɗaukar ɗan gorila sai an kashe manyan da ke kare shi. Ta yi jinyarsu har suka warke, hukuma ta karɓe su, suka mutu a Jamus bayan shekara tara.

Abin da ya sauya ta shi ne kisan Digit, gorilan da ta sani tun yana ƙarami. Ranar 31 ga Disamban 1977 ya tsaya ya tare mafarauta da karnukansu har garkensa ya tsira, shi kuma aka kashe shi da masu, aka yanke kansa da hannuwansa don sayarwa. A Yulin 1978 aka harbe uban garken, Uncle Bert, da wata uwa mai suna Macho. Fossey ta buɗe asusu da sunan Digit, ta ɗauki ƴan sintiri. Cikin wata huɗu na 1979 sun kwance tarko 987.

A nan ne tarihin ke da ɗaci, kuma masu yabonta kan bi ta kai da sauri. Ta ƙona kayan mafarauta, ta sa an zane waɗanda aka kama da ganye mai ƙaiƙayi, ta riƙa sa abin rufe fuska don a ɗauka mayya ce, ta harbi shanun makiyaya, har ta taɓa riƙe ɗan wani mafarauci. Duk wanda ya san yadda ake kwashewa tsakanin makiyayi da ma'aikacin gandun daji zai iya ƙiyasta abin da talakan da ba shi da gona ke ji idan baƙuwa ta kashe masa saniya saboda biri. A ganina ta yi gaskiya da ta ce dokar da ke kan takarda kawai ba ta kwance tarko, amma ta yi kuskure babba da ta mai da maƙwabtan dajin abokan gaba. Ta kuma yi faɗa da wasu ɗalibanta, irin su Amy Vedder da Bill Weber, waɗanda suka ga cewa sai an kawo ƴan yawon buɗe ido sannan gwamnati da jama'a za su ga amfanin gorila mai rai. Ita tana tsoron baƙi su ɗauko wa dabbobin cututtukan mutane, tsoron da likitocin dabbobi ba su raina ba har yau.

A 1980 ta tafi koyarwa a jami'ar Cornell, ta rubuta littafinta Gorillas in the Mist da ya fito a 1983. A shekarar ta dawo Karisoke, huhunta ya lalace, ba ta iya hawa dutse yadda ta saba. Bayan kisanta, kotun Ruwanda ta yanke wa wani ɗalibi Ba'amurke hukuncin kisa a bayan idonsa, shi kuwa ya musanta. Wani tsohon mai bin sawu, ɗan Ruwanda, da aka kama kan zargin, ya mutu a kurkuku, hukuma ta ce rataye kansa ya yi. Da yawa cikin waɗanda suka san ta ba su gamsu da wannan shari'a ba.

Ƙidayar 1981 ta samu gorila wajen 250 a Virunga. Ta 2016 ta samu 604, kuma idan aka haɗa da na Bwindi sun haura 1000. Yau mai son ganin su a Ruwanda yana biyan dala 1500, sama da jaka 800 na kuɗin sefa, don awa guda tak, cikin rukunin da bai wuce mutum takwas ba, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun yana zuwa ga ƙauyukan da ke kewaye. Wasu baƙin sukan ƙara tafiyar sa'o'i cikin taɓo zuwa kangon Karisoke, inda aka binne ta kusa da kabarin Digit, a maƙabartar da ita kanta ta keɓe wa gorilan da aka kashe.