TARIHIN JONAS CHICKERING, MAƘERIN PIYANO (1798–1853)

Duk wanda ya buɗe murfin piyano zai ga an rubuta wani suna a gabansa da ruwan zinariya. Yawancinmu mukan ɗauka cewa mai sunan ne ya ƙera shi, ko kuwa 'ya'yansa. Ba kullum haka yake ba. Tarihin Jonas Chickering zai nuna mana dalili.

An haifi Jonas Chickering ranar 5 ga Afrilu, 1798, a jihar New Hampshire ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa maƙeri ne, yana kuma noma. Da Jonas ya tasa sai aka kai shi koyon aikin kafinta, ya yi shekara uku a hannun maigidansa. A 1818 ya tafi birnin Boston neman aiki. Can ya shiga shagon wani mai ƙera piyano, sunansa John Osborn, ya koyi sana'ar tun daga tushe. A 1823 shi da abokinsa James Stewart suka buɗe nasu shagon. A shekarar farko piyano 15 kaɗai suka ƙera.

A zamanin nan piyano yana da wata babbar matsala. A cikinsa akwai wayoyi masu yawa waɗanda ake ɗaurewa tam, kuma jikin katako ne yake riƙe da su. In yanayi ya sāke, katako yakan kumbura ko ya motse, kamar yadda ƙofa takan yi da damina da kuma hunturu. Sai wayoyin su saki, muryar piyano ta lalace. Wani mai suna Alpheus Babcock ya riga ya gwada yin firam na zubin ƙarfe a 1825. Chickering ya kyautata wannan dabara, ya yi mata rajista a 1840, a 1843 kuma ya yi wa manyan piyano irinta. Har yau da firam na ƙarfe ake ƙera piyano.

Chickering mai son waƙa ne ƙwarai. Ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta Handel and Haydn Society a Boston, har ya zama shugabanta. A 1851 piyanonsa ya sami lambar yabo a babban bajekolin da aka yi a Landan.

Amma bai rasa wahala ba. A 1841 abokin cinikinsa John Mackay, wanda yake tuƙa jirgin ruwa, ya ɓace a teku. A watan Disamba na 1852 gobara ta cinye masana'antarsa ƙurmus. Bai karaya ba, ya soma gina wata wadda ta fi ta girma a titin Tremont. Sai dai bai ga ƙarshen ginin ba, gama ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1853, yana da shekara 55. 'Ya'yansa maza uku suka ci gaba da aikin.

To, ina sunan ya nufa bayan haka? A 1908 kamfanin ya shiga cikin American Piano Company, a 1932 kuma aka haɗe shi da Aeolian. Aikin ya bar Boston, tsohuwar masana'antar ma daga baya aka mayar da ita gidajen kwana. Da Aeolian ya durƙushe a 1985, sunan ya koma hannun Wurlitzer, daga nan Baldwin, wanda kamfanin Gibson ya saya a 2001. Haka ya faru da sunan Knabe na birnin Baltimore, wanda kamfanin Samick na Koriya ta Kudu ya mallaka. Wato ana sayen tsohon suna kamar yadda ake sayen fili, a manna shi a jikin sabon piyano da wasu hannuwa dabam suka ƙera. Wani yakan yi kyau, wani kuwa sai sunan kawai.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, makaranta ko ikilisiya da ta tara kuɗi don sayen piyano kada ta dogara ga sunan da ke murfi. A tambayi inda aka ƙera shi da shekarar, a kuma sami wanda ya iya ya kaɗa shi a ji. Na biyu naku ne, ɗalibai. Me ya sa kamfanoni suka riƙa biyan kuɗi don sunan ɗan maƙeri fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa? Domin ya yi aikinsa da gaskiya ne. Ana iya sayen suna, amma aikin da ya kafa shi sai mutum ya yi da hannunsa.