Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Awon Saƙar Zuci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wanda za mu kawo tarihinsa a wannan fitowa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu. Allah Ya jiƙansu.

An haife shi wajen shekarar 1766, shekara goma sha biyu bayan haihuwar Shehu a Maratta, kusa da Galmi. Ya yi karatun allo wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga wansa, ya zama almajirinsa kuma abokin tafiyarsa wajen wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi. Ya kuma sha karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya ƙware a nahawu da lugga da fiƙihu da tafsiri. Halinsa kuwa sananne ne: mutum ne mai tsayawa kan nassi, mai tsananin ƙyamar ƙawar duniya, ba ya iya ganin karkata ya yi shiru.

Wannan hali nasa shi ne mabuɗin labarin. Malaman tarbiyya sun ce abin da ke faɗowa zuciyar bawa iri huɗu ne: wanda ya zo daga Ubangiji, da na mala'ika, da na rai, da waswasin Shaiɗan. Sun ba da alamomi. Rai yakan nace wa abu guda kamar yaro mai kukan alewa, Shaiɗan kuwa in an rufe masa wata ƙofa sai ya koma wata, kuma yakan yi rauni in an ambaci Allah. Imamu Gazali a Minhajul Abidina, littafin da Shehu ya taƙaita a cikin Ɗariƙul Janna, ya koyar da a auna tunanin da Shari'a tukuna, sannan da aikin magabata na ƙwarai, sannan a duba ko rai na karkata gare shi bisa ɗabi'arsa, domin abin da rai ya tarba da murna shi ya fi cancantar tuhuma. Ke nan wanda bai san halin kansa ba, awon ba zai yi masa daidai ba. Shehu Ahmad Zarruƙ ya bayyana a Ƙawa'idut Tasawwuf cewa hanyar malamin fiƙihu dabam take da ta mai yawan ibada, kowa da littafin da ya dace da shi. Shi ma Shehu Usmanu, a Najmul Ikhwan, ya nuna cewa littattafan Abdullahi sun fi kula da zahirin Shari'a, na Muhammadu Bello kuma da siyasar al'umma.

A 1804 jama'a ta yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ya zama wazirinsa, shi ya kuma jagoranci runduna a Tabkin Kwatto. Mu a nan ƙasar Maraɗi mun san da yawa daga kakannin mutanenmu suna ɗaya ɓangaren na fagen fama a waɗannan shekaru. Allah Ya gafarta wa Musulmin ko'ina; mu ilimi muke nema a tarihin.

Bayan Tsuntsuwa da Alwasa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka kwanta dama, Abdullahi ya duba ya ga mafi yawan abokansa na farko sun tafi, waɗanda suka maye gurbinsu kuma sun fara son mulki da ganima da dawaki da tufafin ƙawa. Wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, sai wani tunani mai ƙarfi ya faɗo masa: ya bar ƙasa da ƴan'uwa, ya nufi gabas, zuwa Makka da Madina. Shi da kansa ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙat, kuma ya ɗauki abin a matsayin waridi daga Allah. Ya sulale da mutum biyar, suka ratsa daji kwana uku, har Allah Ya kai su Kano.

To, a duba da kyau. Hajji rukuni ne, ziyarar Manzon Allah (SAW) alheri ce, gudun fitina kuma aikin salihai ne. Ta fuskar Shari'a babu abin zargi a niyyar. Amma a ganina awo na uku ne ya rage, domin ga mutum mai halin Abdullahi tafiya ta fi zama sauƙi. Zama cikin mutanen da ake ƙin aikinsu, ana yi musu gyara kullum, shi ne abu mai ɗaci ga irin ransa.

Kanawa suka tare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsayar da hukunci. Ya duba ya ga abin da ya guje wa a gida shi ya tarar a wurinsu. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, sannan ya juya yamma ya koma wurin Shehu. Bai taɓa isa Makka ba har ya bar duniya. Ban ce waridin ƙarya ne ba, Allah Ya tsare ni. Mai yiwuwa an tashe shi ne don Kano, shi kuwa ya zaci Madina aka nufe shi da ita. Ina tuna wannan duk lokacin da wani matashi ya zo mini da mafarki, yana so ya bar iyali da gona ana dab da shuka, bai shawarci kowa ba, alhali abin da ya gani ya yi daidai da abin da dama ransa ke so.

A 1812 Shehu ya ba shi kula da yammacin daula, Bello kuma gabas. A waɗannan shekaru ya kammala tafsirinsa Liya'ut Ta'awil, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai da azumi.

Jarrabawa ta biyu ta zo a 1817 da Shehu ya rasu. Aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, shi kuwa baffansa ne, malaminsa, kuma waziri tun farko. Tsakaninsu ya yi sanyi na ƴan shekaru. Da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Abdullahi, Bello ya kawo masa gudummawa. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi.

Daga nan ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu a kan gyaran zuciya. Ya rasu a Gwandu a 1829, kabarinsa yana can. Allah Ya haskaka makwancinsa, amin.