Grace Hopper, Malamar Lissafi Da Ta Sauƙaƙa Wa Akawu Aiki

 Ku tambayi iyayenmu abin da ya faru ran 1 ga Janairu 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira da kobo. A da kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Sai ga lissafin goma-goma. Daga akawun tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda har 'yan kasuwar Shinkafi da Zurmi, kowa sai da ya sake tsarin littafinsa. To, kwamfuta ta fi littafi taurin kai. Umarnin da aka rubuta mata, wato manhaja, shi za ta yi ta bi ko da doka ta sake, ta dinga lissafa albashin bawan Allah ba daidai ba.

Matar da ta rage wannan wahala ita ce Grace Hopper, wadda aka haifa a birnin New York na Amurka a 1906. Tana shekara bakwai ta kwance agogo bakwai na gidansu don ta ga cikinsu. Ta sami digirin dakta a lissafi a jami'ar Yale a 1934, ta koyar a kwalejin mata ta Vassar, sa'an nan ta shiga sojan ruwa a 1943.

A 1949 ta koma kamfanin da ya ƙera kwamfutar UNIVAC. Lokacin nan da lambobi da alamomi ake rubuta umarni. In kamfani ya sake tsarin biyan ma'aikata, ko gwamnati ta ƙara haraji, sai an nemo gwanin lissafi ya yi ta tono kafin a gane inda za a gyara. Grace ta dage a riƙa rubutawa da kalmomin Turanci, wata manhaja ta juya su yadda na'ura za ta gane. Da fari ba a saurare ta ba. Amma a kan aikinta aka gina COBOL a 1959, wanda bankuna da yawa ke amfani da shi har yau.

Kada ku ce an huta ke nan. Masu rubuta manhaja na zamanin suna taƙaita shekara da lamba biyu don tsimin wuri, da shekara ta 2000 ta matso kuwa sai da aka kashe maƙudan kuɗi wajen gyara. Ita ba ta ga wannan ba. Ta bar aikin soja a 1986 tana da shekara 79, ta rasu ran 1 ga Janairu 1992.